Safiyar da Burtu Ya Buɗe Bakin Kawuna

Abubuwa da yawa sun same ni a sana'ar ɗaukar hoto waɗanda sai an tuna mini nake tunawa, amma akwai wata safiya a gandun daji da na tabbata ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa manta inda na ajiye hulata, ita kam ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na tuna sai in kama murmushi ni kaɗai a shago, har mai jiran hoton fasfo ya ɗauka da shi nake.

Ni mai hoto ne a Tamale, shagona yana Nyohini. Biki da suna da walimar saukar karatu su ne abincina. Sana'a ce mai daɗi, sai dai ɗan Adam yana da wuyar gamsarwa. Wannan ta ce na baƙanta ta, waccan ta ce na sa ta yi ƙiba, ango ya ce a cire masa sanƙo. Idan kaina ya ɗau zafi sai in hau moto, wato babur ɗina, in tafi bakin wani dam da ke bayan Dungu in zauna. A nan na fara ɗaukar hoton tsuntsaye, da farko don kashe lokaci, daga baya abin ya shiga jinina. Tsuntsu ba ya cewa a gyara masa fuska. Matsalarsa ɗaya, da ya hango ka ya tashi.

Don haka na yi wa kaina maɓoya. Na sayi tamfol mai launin busasshiyar ciyawa, tela ya ɗinka mini shi kamar 'yar bukka, mai walda ya yi mini siraran ƙarafa da ake haɗawa a kuma warware. An bar taga ƙarama a gaba inda dogon gilashin kyamara zai leƙa, da wasu 'yan ramuka a gefe don ido. Idan na naɗe ta tana shiga buhu ɗaya, in ɗaure a bayan moto. Mutanen unguwa suka sa mata suna akurki. Duk wanda ya gan ni da buhun sai ya tambaya ko yau ma zan shiga akurkin ne, ni kuma in ce masa ƙwarai, in na yi ƙwai zan kawo masa.

Tsuntsun da na fi ƙwallafa rai a kansa shi ne burtu. Tun muna yara muke jin sunansa a bakin tsofaffi, amma ban taɓa ganinsa ido da ido ba, don ya daɗe da ƙaurace wa gonakin da ke kewayen gari. Aka ce mini akwai shi a babban gandun namun daji da ke gaba da Damongo. Na yi ta zirga-zirga kafin hukumar wurin ta yarda in kafa maɓoyata a ciki, kuma kwanaki kaɗan suka ba ni, bisa sharaɗin ma'aikacinsu mai bindiga zai kasance kusa da ni. Lokacin bazara ne, ana jiran ruwan farko. Na shirya komai, na rufe littafin biki na wannan makon, ina ta ɗoki kamar wanda zai tafi aikin hajji.

A nan ne maganar kawuna ta shigo. Wan mahaifiyata ne, tsohon mahauci a babbar kasuwa, gidansa a Dabokpa. Duk wanda ya san shi a da, da surutu ya san shi. Mutum ne da zai gaishe ka da Hausa, ya yi maka ciniki da Dagbanci, ya zolaye ka da Twi, duk kafin ya gama yanka maka nama. Idan ya shigo gidan biki ba a bukatar a sanar, muryarsa ke riga shi shiga. Muna yara idan Mma, wato mahaifiyata, tana so mu yi barci da wuri sai ta yi addu'ar kada yayanta ya biyo ta gidanmu, don in ya fara labari ba mai motsawa.

Sai Allah ya yi wa matarsa rasuwa, wadda duk muke kira Hajiya, bayan sun haura shekara arba'in tare. Daga ranar da aka dawo daga maƙabarta Kawu ya yi shiru. Da farko mun ce zafin rashi ne, zai wuce. Aka yi sadakar arba'in, watanni suka bi baya, shirun bai wuce ba. Ya daina zuwa kasuwa. Sai ya zauna a kan buzu a ƙofar ɗakinsa da carbi, in an gaishe shi ya ɗaga hannu, in an ajiye abinci ya taɓa kaɗan ya ture. Rigunansa suka yi masa yawa. An kai shi asibiti, aka auna ko'ina, likita ya ce bai ga ciwo ba. Mma ta shiga damuwa sosai, don su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma ta ce mini ta taɓa ganin yadda irin wannan shirun yake tafiya da tsoho a hankali.

Ana gobe zan tafi na je yi mata sallama. Ta saurare ni har na gama ba ta labarin burtu, sannan ta ce in tafi da kawuna. Na fara kawo uzuri. Na ce wurin da zafi, maɓoyar ƙarama ce, zaman yana da tsawo, kuma tsuntsaye ba sa son ko tari. Ta dube ni ta ce, "To wa ya fi kawunka shiru yanzu a duk faɗin Tamale? Ka ɗauke shi ya ga wani abu ban da bangon gidan nan."

A raina na so in tafi ni kaɗai, amma na ga idanunta. Muka je Dabokpa tare, ta gaya masa. Na ɗauka zai girgiza kai. Sai kawai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da 'yar jakarsa da buta da darduma.

Na ari motar wani abokina mai buɗaɗɗen baya, muka kama hanya. Ni da na saba idan na ɗauki Kawu a mota rediyo ma kashe ta nake, sai ga ni ina tuƙi ina neman abin da zan ce. Da muka hau gadar Yapei na nuna masa masunta, ya duba ya gyaɗa kai. A Damongo na sayi soyayyen zabo mai yaji, irin wanda a da zai ci yana bayyana wa mai suyar inda ta yi kuskure, ya ɗauki fiffike ɗaya ya ce ya ƙoshi.

Ma'aikacin da aka haɗa mu da shi wani Bagonje ne dogo, mai fara'a, Hausarsa irin ta kasuwa. Da yamma ya kai mu wani fili da aka ƙone ciyawarsa, sabon tsiro ya fara fitowa, ga tafki a gefe da ruwansa ya ja baya. Ya ce akwai burtu biyu, mace da namiji, da ke kiwo a nan wasu safiyoyin, amma ba shi da alkawari da su. Muka kafa maɓoyar a gindin wata ƙaramar bishiya, muka bar ta ta kwana don dabbobi su saba da ganinta. Ya nuna mana wata inuwa can nesa inda zai zauna da motar, yana hango mu. Ya ce in giwa ta zo kada wanda ya gudu, shi zai san abin yi.

Washegari muna idar da sallar asuba muka shiga. Kujeru biyu 'yan ƙanana, kyamara a kan ƙafafunta uku, gorar ruwa a tsakaninmu, gwiwata tana gugar ta Kawu. Na nuna masa ramin da zai riƙa leƙawa. Wanda bai taɓa zama a irin wannan wuri ba ba zai gane yadda daji yake farkawa ba. Muddin kana tsaye a fili, komai nesa da kai yake. Da ka shige ka yi shiru, sai daji ya manta da kai. Zabin daji suka sauko garke guda suna ta gardama, suka wuce ta gabanmu har ina jin ƙarar ƙafafunsu a kan busasshen ganye. Zalɓe ya tsaya a bakin ruwa da ƙafa ɗaya. Wasu 'yan tsuntsaye kore masu jan wuya, waɗanda ke haƙa ramuka a gaɓar tafki, suka riƙa tashi suna cafke ƙwari a iska suna komowa kan reshe ɗaya. Na yi ta ɗauka. Kuma gaskiyar Mma ce, ban taɓa samun abokin zama a maɓoya kamar Kawu ba. Ko carbinsa ba ya ƙara.

Da hantsi wani gyado ya zo, irin aladen dajin nan mai haure, yana kiwo a durƙushe kan gwiwoyinsa na gaba. Ya yi ta matsowa har ya iso jikin maɓoyar, ya ga ƙarfe ya samu wurin susa, ya fara goga gindinsa. Bukkar gaba ɗaya ta kama rawa. Ina riƙe da kyamara da hannu ɗaya, ɗayan ina toshe bakina don dariya. Bai tsaya nan ba, ya cusa hancinsa ta ƙarƙashin tamfol, daidai ƙafar Kawu, yana huci. Na saci kallon Kawu. Alhaji guda, mahauci, ga hancin alade a kan takalminsa. Kawun da na sani da sai an ji muryarsa har garin Larabanga da ke wajen gandun, kuma da sai ya shekara yana ba da labarin. Amma sai kawai ya janye ƙafarsa a hankali ya ci gaba da jan carbi. Dariyar da ke bakina ta koma. A lokacin ne na gane nisan da ya yi, na kuma gane abin da Mma take tsoro.

Burtu bai zo ba ranar. Da rana ta take, zafi ya mai da maɓoyar kamar tanda, muka fito jiƙe da gumi. Da la'asar ma'aikacin ya kai mu inda giwaye ke wanka, manya da 'ya'yansu suna watsa wa juna ruwa. Kawu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah." Iyakar abin da na ji daga bakinsa ke nan a yinin, ban da sallah.

Safiya ta biyu, gari bai gama wayewa ba, muka ji wani sauti daga can cikin itatuwa, mai zurfi, kamar ana buga babbar ganga a wani ƙauye mai nisa. A buga sau biyu, sai wata ta amsa da 'yar siririyar murya kaɗan. Kawu ya ɗago kai, ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya tambaya ko ganga ce. Na raɗa masa cewa burtu ne, namijin ke kira macen tana amsawa. Ya mai da idonsa ramin. Muka jira har rana ta yi tsaka, ba su fito ba. Na dawo masauki raina a jagule, don safiya ɗaya ta rage mini, kuma na san kafin in sake samun irin wannan izini sai an daɗe.

Safiya ta ƙarshe iska ta kwanta, ga 'yan gizagizai a gabas, haske mai laushi irin wanda mai hoto ke roƙon Allah ya ba shi. Mun ɗan jima da zama sai na ga wani baƙin abu yana motsi a bakin filin. Na leƙa ta kyamara. Ga shi nan, ya fi talotalo girma, baƙi wuluk, da dogon baki mai lanƙwasa da wani tudu a samansa kamar an ɗora masa hula. Maƙogwaronsa ja ne kamar an ɗaura masa gyale. Tafe yake a hankali, yana ɗaga ƙafa yana saukewa kamar mai unguwa yana duba iyakar gona. A bayansa macen ce, nata maƙogwaron shuɗi. Ta gilashin har gashin idonta nake gani, dogaye kamar na amaryar da ta sha kwalliya.

Suna da ɗan nisa tukuna, kuma ciyawa tana kare rabin jikinsu. Na hana kaina dannawa, don kada ƙarar kyamara ta kore su tun ba su iso ba. Akwai wani tsohon suri a gabanmu inda hasken ke sauka sosai, na saita a kansa, na ce a raina in sun iso nan shi ke nan. Suka yi ta tahowa suna tsince-tsince. Sai namijin ya zabura da gudu, ya kai sara cikin ciyawa, ya ɗago da ƙadangare ƙato a bakinsa. Bai haɗiye ba. Ya buga shi da ƙasa, ya gyara masa riƙo, ya miƙe wuya, ya nufi macen yana taƙama. Suka haɗu daidai gindin surin nan. Na ɗora yatsa a kan maɓalli. Namiji yana miƙa wa mace abinci, a fili, cikin wannan haske, hoto ne da mutum zai iya ƙare rayuwarsa bai samu ba.

Ya miƙa mata. Ta karkata kai ta dubi ƙadangaren da ido ɗaya. Ta juya ta dube shi da ɗaya idon. Ta taɓa shi da baki kamar mai duba ko ya kwana. Sannan ta kau da kai gefe, ta bar shi tsaye da abinsa a baki. Ina jira ta karɓa in danna.

Sai na ji kujerar da ke gefena tana rawa. Kafin in waiwaya, wata irin dariya ta fashe a cikin maɓoyar, dariyar da na yi kusan shekara ban ji ba, mai fitowa tun daga ciki. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce da cikakkiyar muryarsa ta kasuwa, "Wallahi Hajiya ce. Dube ta, ɗana, Hajiya ce sak."

Ya yi baya don dariya, ƙafar kujerar ta nutse a ƙasa, ya tafi gaba ɗaya ya faɗa kan ƙarfen baya. Maɓoyar ta rufto mana. Na rungume kyamara, yatsana ya danna ba da nufi ba. Ta wata ɓaraka na hango burtun biyu suna gudu, suka buɗe fukafukai, farin da ke ɓoye a gefen fiffikensu ya bayyana, suka tashi da ƙyar suka faɗa cikin itatuwa. Na lura da abu ɗaya kafin su ɓace, ƙadangaren yana bakin macen.

Ba zan ɓoye ba, a daƙiƙar farko haushi ya kama ni. Shekaru ina jiran wannan hoton. Amma ina ƙarƙashin tamfol, ƙarfe a kan wuyana, ina jin tsohon nan yana dariya har yana shaƙewa, sai na ji haushin ya narke, ni ma na kama. Muna cikin haka muka ji gudu. Ma'aikacin ne, ya hango bukka ta faɗi tana motsi, ya ɗauka wata dabba ce ta afka mana. Ya iso da bindiga a hannu, ya yaye tamfol ɗin, ya tarar da mu kwance muna haki. Ya tambayi Kawu ko wani abu ya cije shi. Kawu sai nuna itatuwa yake da hannu. Da na dube shi sosai na ga gemunsa ya jiƙe, dariyar ta riga ta gauraya da kuka.

Muka kama shi muka zaunar a inuwar bishiyar. Ya sha ruwa, ya share fuska da hularsa, sannan ya fara magana, mu biyu muna zaune a gabansa kamar 'yan makaranta. Ya ce tun yana yaron mahauta, lokacin da yake neman aurenta, ya taɓa ɓoye hanta mafi kyau ya naɗe a ganye ya kai mata gidansu. Ta buɗe, ta juya ta, ta tambaye shi ko ita ke nan. Ya ce daga ranar har ƙarshen zamansu bai taɓa dawowa daga kasuwa hannu wofi ba, kullum shi ke zaɓar tsokar da ta fi kowace, kuma kullum sai ta juya ta ta shinshina ta ce yau ma abin da ya yi kwantai ya kwaso musu. Ta dafa, ta tsame mafi taushin ta sa a kwanonsa. Ya ce da tana kwance a asibiti ya dafa mata romo da hannunsa ya kai, ta kurɓa ta ce gishiri ya yi yawa, sannan ta shanye tas.

Ya dubi inda tsuntsayen suka shiga. Ya ce, "Tun da ta tafi ba wanda ya sake kushe mini komai. Kowa sannu Alhaji, sannu Alhaji. In na buɗe baki zan yi maganarta, sai a ce in yi haƙuri, a kawo wani zancen. To ni ba ni da labarin da ba ta ciki. Shi ya sa na bar muku maganar."

Mu duka, 'ya'yansa da Mma da ni, mun ɗauka tausayi ne mu kauce wa ambatonta a gabansa. Ashe ƙofar da yake so ya bi ya fito ita muka tsare.

Ma'aikacin ya ce shi ma matarsa haka take, in ya kawo doya sai ta ce ta fi kama da rogo. Kawu ya juya gare shi da sauri ya tambayi 'yar ina ce, kuma daga nan zance ya ɓarke. Na tashi na naɗe maɓoyata, ƙarfe biyu sun lanƙwashe. Na duba hoton da yatsana ya ɗauka, rabin fiffike ne fari a dishe da ƙafa ɗaya a sama, sauran duk tamfol. Na nuna wa Kawu. Ya duba da kyau ya ce in dai wannan ne aikin da nake rufe shago dominsa, gara in koma wa amare.

A hanyar dawowa ban taɓa rediyo ba. Daga ƙofar gandun har Tamale bakinsa bai huta ba. Na ji labarin aurensu, da faɗan da suka yi a jirgi za su Makka a kan wa zai zauna kusa da taga, da yadda ta taɓa korar wani mai sayen fata da muciya. Wasu labaran ya yi dariya, wasu ya share ido ya ci gaba. A Damongo shi ya ce in tsaya. Ya cinye rabin zabo, ya kuma tsaya ya yi wa mai suyar bayanin cewa man suyar ya yi mata zafi da yawa shi ya sa bayan ya ƙone cikin bai nuna ba. Sai a lokacin ma ya tuna da gyadon, ya tambaye ni a kan me na zuba ido alade ya shinshina masa ƙafa ban ce komai ba.

Da muka iso Dabokpa wani mai yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya tare ƙofar gidan da kekensa. Kawu ya leƙa ta taga ya fara yi masa bayani da Dagbanci a kan bambancin titi da ɗakin kwanansa. Mma tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta zo jiran dawowarmu. Da na shiga na tarar ta ajiye farantin, ta rufe bakinta da mayafi, tana sauraron muryar da ke tashi daga waje. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na zauna. Na ba ta labari tun daga farko, tana dariya tana matse ido.

Bai ƙara kwana biyu ba ya koma kasuwa. Ba yanka yake ba, ƙarfin ya ragu, amma yana zama a rumfarsa yana ba yaransa umarni yana tare masu wucewa da zance. Ranar farko da ya taso ya biyo ta gidanmu da ƙunshin nama ya miƙa wa Mma. Ta buɗe, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce, "Yaya, wannan ai jijiya ce zalla." Ya tsaya yana kallonta, sannan ya yi dariya har sai da ya nemi wurin zama.

Labarin burtu kuwa duk zangon Tamale sai da ya ji shi. A bakin Kawu tsuntsun ya yi ta girma, har ya kai tsayin jaki, ƙadangaren kuma ya zama ɗan kada. Ya sha roƙona in sake shiga da shi akurki. Sau ɗaya na yarda, a dam ɗin Dungu, kuma ranar ko balbela ba ta sauka kusa da mu ba. Hoton burtu na same shi daga baya, bayan wasu shekaru, ni kaɗai, kuma ya yi kyau. Kawu ya gan shi kafin Allah ya karɓi abinsa, ya ce na ɗauki namijin da kyau amma macen ban yi mata adalci ba.

Abin da wannan tafiya ta koya mini ya fi ƙarfin hoto. Na gane cewa mai baƙin ciki ba kullum ba ne yake bukatar a ce masa ya yi haƙuri, don sau da yawa haƙurin yake yi har ya yi masa yawa. Abin da yake nema shi ne wanda zai zauna kusa da shi ba tare da gaggawa ba, kuma in ya tashi ambaton wanda ya rasa a bar shi ya ambata, ya yi kuka in kukan ya zo, ya yi dariya in dariyar ta zo. Tun daga lokacin, idan na je ta'aziyya na yi addu'a, bayan kwanaki nakan koma in zauna, in ce wa mai gidan ya ba ni labarin mamacin. Ban taɓa yin haka na tashi da wuri ba.